Shekarar da Na Hau Gonar Baba da Katafila

Dauda, da kai nake, amma sauran ma ku kasa kunne. Ranar Kirsimetin da ta wuce, bayan an ci an ƙoshi, na ji ka a bayan ɗaki kana gaya wa ƙannenka cewa wana, marigayi Babanku Bawa, ya cuce ni wajen rabon gonarmu ta Dabai. Wai shi ya ɗauki baƙar ƙasa ta sama ya bar mini tsakuwa, kuma ranar da ƙasa ta rufe idona za ka kai maganar gaban manya a sake rabo. Ka ɗauka ba na ji. Kunnen hagu ne ƙarar inji ta kashe, na dama yana nan garau. Ban tanka maka ba a ranar, domin ba maganar tsaye ba ce, kuma kunya ta kama ni fiye da fushi. Laifina ne da na bar ku kuka girma kuna jin ana cewa ruwa ne ya cinye gonar. Ruwa ya ci, gaskiya ne, amma ni na ɗora masa tukunya.

Kun san gonar, sai dai yadda kuka san ta ba haka take ba a da. A jikin tudu take, kuma da muna yara jerin duwatsu goma sha ɗaya ne suka ratsa ta a gicciye, daga gindin tudun har kusa da kansa. Kowane jeri tsayinsa bai wuce gwiwa ba, babu siminti babu laka, dutse ne kawai a kan dutse, kowanne yana riƙe da ƙasar da ke bayansa kamar matakala. Duk bazara kafin ruwan fari, gidanmu gaba ɗaya sai a hau. Maza su gyara inda dutse ya goce, mata su yi ta hawa da kwanduna cike da toka da kashin awaki da sharar tsakar gida suna zubawa. Ni tun ina ƙarami na tsani aikin nan. Rana ta dake ka, kunama ta jira ka a ƙarƙashin dutse, ka wuni kana fama, da yamma ka juyo ka duba ka ga kamar ba a taɓa wurin ba. Ranar da aka ɗauke ni soja, abin da na fara yi wa murna a raina shi ne na rabu da duwatsun nan.

A soja ɓangaren injiniyoyi aka kai ni, aka koya mini tuƙin katafila, kuma ba yabon kai ba, na iya. Shekara ashirin da wani abu ina tura ƙasa. Na share daji ya zama bariki, na cike kwari motoci suka bi ta kai, na taɓa rage wa wani tudu tsawo cikin sati biyu don kwamanda ya ce yana tare masa gani. Mutumin da ya saba haka, a hankali sai ya fara ganin ƙasa kamar kurtu, abin da ake ba umarni ya bi. Sannan aka tura mu aikin kwantar da tarzoma a wata ƙasa, aka ɗauke mu a jirgin sama. Na samu kujerar taga. Na leƙa na ga garuruwa kamar an watsa tsabar gero, kogi kamar zare, manyan duwatsu kamar kunyoyin gona. Na dawo da labarin nan ina ta bayarwa, a bariki, a coci, a gindin mangwaron ƙofar gida, har mamanku Rifkatu ta haddace shi. In na fara sai ta ce:

"To, ga jirgi nan zai tashi, kowa ya riƙe kwanonsa."

Abin da na fahimta daga tagar nan a lokacin shi ne duniya ƙarama ce, ni kuwa na taɓa hawa samanta.

Da na yi ritaya da muƙamin sajan manjo, na kwaso ku muka dawo Zuru. Baba ya riga ya rasu, Inna ma haka, gonar tana hannun Yaya Bawa, ba a raba ba. Kun san shi da tsufa, amma ba ku san shi da ƙarfinsa ba. Gajere ne, ƙafarsa duk faso, bai taɓa shiga aji ba, Hausa ma sai ta kama yake yi, ya fi sakewa da yarenmu, C'lela. Shekara bakwai ya yi yana golmo, noman da saurayi ke yi wa surukai kafin a ba shi mata, kuma har ya tsufa ana ba da labarin garmarsa. Magana kuwa sai ka ƙirga goma kafin ya ba ka amsa. Ni da na saba da "yes sa" kafin in rufe baki, wannan jinkirin nasa ci mini rai yake yi.

Wata safiya muka hau gonar tare, na tsaya na riƙe ƙugu na zayyana masa shirina. A kwashe duwatsun, gonar ta zama fili ɗaya shimfiɗaɗɗe, tarakta ta shiga, a zuba takin zamani, a shuka masara irin ta manyan gonakin da na gani a wasu jihohi. Na ce masa:

"Yaya, wahalar nan ta isa haka. Wuni ɗaya zan share maka duwatsun nan, ka huta, matanmu su huta."

Ya ɗauki lokacinsa yana tauna wani kara, sannan ya ce:

"Ishaya, duwatsun nan ba su tare maka hanya ba. Aiki suke yi."

"Wane aiki dutse ke yi? Zama kawai yake."

"To, zaman ne aikin."

Na yi dariya har da dukan cinya. A raina na ce wannan bawan Allah iyakar tafiyarsa Ribah da Danko, me ya sani? Na sake tayar da maganar sau biyu ko uku, kullum amsarsa ɗaya, a bari damina ta wuce a zauna. Na gane in na biye masa damina goma ma za ta wuce.

Sai dama ta samu, ko in ce jarraba. Surukin Yaya ya rasu a Danko, Yaya ya tafi zaman makoki na sati guda shi da matarsa. A daidai lokacin kuma wani ɗan kwangila yana gyaran hanya kusa da mu, kuma shugaban ma'aikatansa tsohon kofur ne da ni na koya masa tuƙi. Na je na same shi, ya ƙame ya sara mini, ya ce ranar Asabar ba su aiki, in dai zan zuba mai, katafila tawa ce. Da na gaya wa mamanku, tana tankaɗe, sai ta ajiye rariya ta ce:

"Baban Dauda, ka jira Yaya ya dawo mana. Kwana nawa ne?"

"Soja ba ya jiran farar hula."

"Ai ka tuɓe kakin. Kuma shi yayanka ne, ba farar hula ba."

Ban saurare ta ba. Ranar Asabar da hantsi na hau katafila na nufi tudu, mutane na biye da ni kamar ana biki. Allah ya sani na ji daɗin ranar nan. Hannuna ya tuna aikinsa, inji yana ruri, duwatsun da suka sa ni kuka ina yaro suna birgima gabana kamar gyaɗa. Jeri bakwai na ƙasa na share kafin la'asar. Huɗun sama ne kawai suka tsira, su ma don wurin ya yi tsayi ne, inji ba zai hau ba. Na tara duwatsun a gefe, can wajen gindin tudu, daga baya tifa ta kwashi rabinsu aka zuba a harsashin gidan nan da kuka girma a ciki. Matasa suna ta tafi. Wata tsohuwa da ke wucewa da itace a ka ta tsaya ta rufe baki da hannu, na ɗauka mamakin ƙarfin inji take yi.

Ina saukowa sai ga Malam Garba, maƙwabcinmu na gona, wanda tasa ke shimfiɗe a gindin tudun, daidai ƙarƙashin tamu. Bakabe ne, mahaifinsa ya zo fatauci ya zauna, kuma shi da Baba sun yi zaman mutunci har mutuwa. Ya dubi filin, ya dube ni, ya ce:

"Sajan, sannu da aiki. Amma wanga abu da ka yi, ka gaya ma ruwa?"

Na ce masa ruwa ma zai bi oda. Ya yi murmushi ya ce Allah shi kyauta, ya koma gonarsa.

Ranar da Yaya ya dawo, na shirya wa faɗa. Na tanadi amsoshina a jere kamar harsasai. Ya sauka daga babur, aka gaya masa, ko ruwa bai sha ba ya kama hanyar tudu, ni ina bin bayansa. Ya tsaya a bakin filin ya daɗe. Ya je wurin tarin duwatsun ya ɗauki guda, ya juya shi, ya duba gefen da ya yi baƙi don daɗewa cikin ƙasa, ya mayar a hankali kamar ƙwai. Sannan ya ce:

"Ka gama?"

"Na gama."

"To."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya haye wurin jeri huɗun da suka rage ya kama gyaransu, shi kaɗai. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi, amma a lokacin sai na fassara shirun nasa da cewa ya rasa hujja.

Na ɗauko hayar tarakta. Direban ya ce in ya bi tudun a gicciye motar za ta kife, don haka ya ja kunyoyin daga sama zuwa ƙasa, miƙaƙƙu santala-santala, gwanin kyau. Kowane manomin tudu, ko jiya ya fara riƙe fartanya, ya san ba a haka, amma ni abin da na gani shi ne layi ya miƙe kamar fareti. Na shuka masara, na zuba taki. Ruwan farko ya zo a hankali, masara ta fito kore shar, har daga wasu unguwanni ake zuwa kallo. Sati shida ina yawo cikin gari kamar ni na ƙirƙiro noma. A coci ma sai da na ba matasa shawara cewa su daina tsoron sabon abu.

Ranar kasuwar Zuru ce, da azahar, hadari ya haɗo daga gabas. Ina kasuwa aka fara yayyafi, wani abu ya ce mini in je in duba, na hau babur na tafi. Kafin in kai ruwan ya tsuge. Na fake a bukkar gonar Malam Garba, shi ma yana ciki, muka tsaya muna kallon tudu. Ku sani ba wani ruwan tarihi ba ne. Bai kai awa biyu ba, kuma tsofaffi sun ce duk shekara ana yin irinsa sau uku ko huɗu. Amma kowace kunya da tarakta ta ja ta zama magudana. Da farko ruwan da ke gangarowa fari ne, sai ya koma ja, sai ya koma baƙi mai kauri kamar kunu. Na ga masarata tana saukowa a kwance, jijiya a sama. Wani kaso na laka ya bazu a kan dawar Malam Garba ya binne ta, mafi yawa kuwa ya faɗa rafi ya tafi inda ba za a sake ganinsa ba. Na fita cikin ruwan da gudu, ban san abin da zan je in yi ba, laka ta kama ni har gwiwa, takalmina ɗaya ya tafi. Malam Garba ne ya jawo ni ya mayar bukka. Yana ta salati a hankali.

Washegari da safe na hau. Inda jiya ake gona, yau dutse ne wankakke yana ƙyalli, da ramuka wasu har ƙugu. Jeri huɗun sama kuwa suna nan, dawar Yaya a tsaye tana ɗigar da ruwa kamar ba a yi komai ba. Na same shi tsugune a gindin jerin ƙarshe da ya rage, inda ruwa ya yanke ƙasa ya bar gefenta a buɗe kamar an yanka da wuƙa. Ya yafito ni da hannu, na tsuguna kusa da shi. Baƙar ƙasa ce hawa-hawa, da zanen toka a tsakani, ƙarƙashinta kuma dutse zalla. Ya sa yatsa ya zaro wani ɓallin tukunya daga sama-sama, ya goge a rigarsa.

"Wannan na tukunyar Inna ne. Na gane zanen bakinta."

Ya sauko ƙasa kaɗan ya zaro wani, mai kauri, da wani irin zane da ban taɓa gani ba.

"Wannan ban san masu shi ba."

Ya ƙara saukowa, ya tono wani guntun dutsen niƙa da ya side har ya yi rami, dab da inda ƙasar ta ƙare.

"Wannan ko kakanmu bai san masu shi ba. Ishaya, tudun nan ba shi da ƙasa tasa. Dutse Allah ya yi shi. Duk baƙar nan da kake gani, a ka aka kawo ta."

Na zauna daɓas a cikin laka. Ni duk rayuwata na ɗauka ƙasa kamar iska ce, tana nan kawai, ka tura ta nan ka tura ta can. Ban taɓa tunanin cewa kwandunan da na raina, su ne gonar ba. Mutane bayan mutane, waɗanda har yarensu wataƙila ba zan gane ba in sun tashi, kowa ya zo ya zuba ɗan nasa ya wuce, ni kuma na zo na zubar da kusan duka tsakanin hantsi da la'asar. A nan ne labarin jirgin nan ya dawo mini ta wata fuska. Na tuna na ga garuruwa, na ga kogi, na ga duwatsu, amma ban ga mutum ko ɗaya ba. Da wani ya leƙo ta tagar nan ranar da nake kan katafila, da ni da injin da masu tafi duk ba zai gan mu ba. Jirgin ma da nake taƙama da shi, bai kai ko'ina ba in aka gwada da nisan rana, ranar kuma tana fitowa a kan tudun nan tun babu mai kallonta. Hadarin da ya yi mini wannan aika-aika bai san ina da igiya a hannun riga ba, wucewa kawai yake yi zuwa wani gari. Na yi kuka ranar nan, kuka sosai, ni da ban yi ba a wuraren da ake harbi. Yaya ya bar ni na gama, sannan ya ce in tashi mu je mu ba Malam Garba haƙuri.

Mun same shi yana tono kawunan dawar da za su iya tashi. Fiye da rabin gonarsa ta tafi. Da ya kai ni gaban manya, da ba ni da bakin magana. Na cire hula na durƙusa, abin da ban taɓa yi wa farar hula ba. Ya ce:

"Tashi, Sajan, tashi. Mi za ni ce? Ruwa ba shi da laihi, hanya anka ba shi. Wagga ƙasa kuwa baƙunci ta zo wurina, na san gidansu. In an yi kaka, ka zo ka maida ta."

Ku gane abin da ya yi. Lakar nan da ta kashe masa shuka a bana, ita ce za ta ba shi amfanin da bai taɓa samu ba a baɗi, kuma ba wanda zai ce ya yi laifi in ya riƙe. Ya ce in kwashe.

Shekarar nan ban girbe ko zangarniya ɗaya ba. Abin da na zo da shi daga soja ya riga ya tafi a gini da taki da tarakta. Jeri huɗun Yaya su suka ciyar da gidansa da gidana, kuma daga ciki ya ɗaure dammuna ya aika wa Malam Garba. Matar Yaya ta sayar da awakinta kafin sabuwar dawa ta nuna. Dauda, kana aji uku a lokacin, kuma kai ne mai cin tuwo biyu. Duk lomar da ka kai baki a shekarar nan daga rumbun mutumin da kake kira macuci ta fito.

Bayan kaka Yaya ya tara dattawan gidanmu ya ce a raba gonar, don kowa ya san inda zai sa ƙarfinsa. Ga abin da ya kawo, kuma akwai masu rai da suka ji: a tsaga ta daga sama zuwa ƙasa, kowa ya samu rabin baƙar ƙasa da rabin tsakuwa. Ni na ƙi. Na ce jeri bakwai da na rushe nawa ne, huɗun da suka tsira daga hannuna nasa ne da 'ya'yansa. Ya yi ta lallashina har kwana uku, ya ce in tuna ina da yara. Na ce saboda yaran ne. Wannan ita ce oda ta ƙarshe da na bayar a rayuwata, kuma ita kaɗai ce ban taɓa nadamarta ba.

Daga nan aka shiga aiki. Na fara da tunanin tifa, tifa ba ta hawa. Na sayo baro, ƙafarsa ta maƙale a tsakuwa tun a hawan farko. Ƙarshe dai kwando, irin na Inna. Mamanku ta naɗa mini gammo da tsohon zaninta, ta ɗauki nata kwandon ta bi bayana, kuma a duk shekarun nan sau ɗaya tak ta ce mini "ai na faɗa maka", shi ma sai da na taka mata ƙafa. Matan da ke zuwa rafi suka samu abin dariya.

"Sajan Manjo, an ƙara girma! Wannan sabuwar hular ta wane muƙami ce?"

Satin farko kamar in nutse. Daga baya na koyi sara musu da kwandon a kaina, muka riƙa dariya tare.

Kafin a zuba ƙasa sai an tayar da jeri, ni kuwa ban iya ba, don lokacin da ake koyarwa ina can ina ƙunƙuni. Rabin duwatsun ma suna ƙarƙashin gidan nan, sai daga rafi muka riƙa ɗauko wasu. Jerina na farko na yi shi a matse, na toshe kowace kafa da ƙananan duwatsu, na koma gefe ina jiran yabo. Yaya ya zo ya sa ƙafa ya ture shi.

"Ba tare ruwa ake yi ba. Ka isa ka tare ruwa? Lallashinsa ake yi. Ka bar masa ƙofa ya wuce a hankali, shi kuma ya bar maka ƙasa."

Ya nuna mini cewa kowane dutse yana da fuska da baya da wurin zama, in ka juya shi sau uku bai zauna ba, ba wurinsa ba ne, ka ajiye shi zai samu nasa. Ina da shekara kusan hamsin na koma ɗan koyo a hannun mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa ba, kuma ban taɓa samun malami kamarsa ba.

Shekara tara muna haka. Ƙasar da ta sauka gonar Malam Garba mun gama kwashe ta a rani biyu, ba ta ko rufe dutsen ba. Sauran sai toka da kashin awaki da shara, bazara bayan bazara. A shekara ta tara ƙafafun Yaya sun riga sun kumbura, ba ya iya hawa. Wata safiya kafin ruwan fari ya aiko a kira ni, ya ce yana son ganin aikina. Na ɗauke shi a babur har inda hanya ta ƙare, daga nan na goya shi, bai fi nauyin kwando biyu ba. Na zaunar da shi a bayan jeri na uku daga ƙasa, wanda na fi ba ƙarfi. Ya dubi jerin daga wannan gefe zuwa wancan, ya gyaɗa kai. Sannan ya miƙe yatsansa manuni ya soka a ƙasa. Ya shiga gaɓa ɗaya, ya shiga ta biyu, ya tsaya a kan dutse. Ya zaro ya nuna mini.

Na ce:

"Yaya, shekara tara, gaɓa biyu? Ko wake da ƙyar yake tsayawa a nan. Yaushe zan ci dawar wurin nan?"

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Da ya lafa ya ce:

"Wa ya ce maka kai za ka ci?"

Ya ɗan huta, ya ci gaba:

"Kana ma sauri. Wanda ya fara, a kan dutse tsirara ya fara, ba wanda ya nuna masa, kuma bai san za a yi wani Bawa ko wani Ishaya ba. Mun ci nasa. Miƙo mini wancan, jerin nan ya ɗan buɗe baki."

Na ɗauko dutsen da ya nuna na miƙa masa. Ya karɓa, ya juya shi sau ɗaya, sau biyu, ya tura shi cikin gurbin, ya zauna daram kamar don wurin aka halicce shi. Ya share tafinsa a cinya ya ce in mayar da shi gida, rana ta fara zafi. Hawansa na ƙarshe ke nan, bai ga girbin shekarar ba.

Dutsen yana nan a jeri na uku. Na san shi, duk bazara sai na taɓa shi in na je gyara. Amma ba zan nuna muku ba, ko kun tambaya. Ranar da na tafi zai zama kamar sauran.